Mace Mai Mahaifa Biyu: Sharhi a Kan Samun Ciki, Goyonsa da Haihuwarsa

Tun da na'urar hoton ciki, wadda jama'a suke kira sikanin, ta yawaita a asibitocin ƙasar Katagum, har ya zamana matar da ke zaune a Gamawa ko Udubo tana iya zuwa awo a nuna mata abin da ke cikinta a fuskar gilashi, sai aka fara jin wata magana wadda kakanninmu ba su saba jinta ba, watau a dubi mace a ce da ita, "Baiwar Allah, mahaifarki biyu ce." Maganar gajera ce, mai ɗaukar hoton kuwa galibi jama'a na jiransa a bakin ƙofa, saboda haka yakan rubuta abin da ya gani da Turanci a 'yar takarda ya miƙa mata, ita kuma ta ninke ta cusa a jaka ta fito. Kafin rana ta faɗi zancen ya tsiro da rassa a tsakar gida. Wata ta ce tagwaye za ta riƙa zubawa, wata ta ce ai ta zama juya ke nan sai mai gida ya nemi wata, wata kuma ta rage murya ta ambaci iska ko hannun kishiya. Babu ɗaya daga cikin zantuttukan nan da ya dace da abin da binciken likitoci ya tabbatar, domin galibin irin waɗannan mata suna samun ciki, kuma suna haihuwar 'ya'ya rayayyu. Inda gizo yake saƙar shi ne wajen riƙon cikin har ya cika watanninsa, da kuma ranar naƙuda.

Ma'anar kalmomin

Wajibi ne a fara warware wani ruɗani da ke cikin harshenmu kansa, domin Bahaushe yakan kira abu biyu da sunan mahaifa: akwai gaɓar da ɗa yake kwanciya a cikinta wata tara, akwai kuma abin da yake biyo bayan jariri a binne shi a bayan ɗaki, wanda ainihin sunansa mabiyiya. Tsohuwar da ta ji an ce "mahaifa biyu" tana iya ɗauka mabiyiya biyu ake nufi, irin wadda akan gani a haihuwar wasu tagwaye, kuma mai yiwuwa daga nan zancen tagwayen ya samo tushe. Abin da muke magana a kai shi ne gaɓar, wadda Larabawa suke kira rahim, kalmar da ta fito daga tushe ɗaya da rahama. A yadda aka fi sani, gaɓa ce guda ɗaya ta tsoka, tsawonta bai wuce santimita 7 zuwa 8 ba in babu ciki, tana da baki ɗaya a ƙasa, sa'an nan a sama bututu biyu sun fita dama da hagu, kowanne ya nufi ma'ajiyar ƙwai ta ɓangarensa.

Abin da likitoci suke rubutawa a takardar nan, yutaros didelfis, haɗin Latin ne da Girkanci: yutaros mahaifa ce, di biyu, delfis kuma mahaifa a harshen Girkawa. Ma'anarsa mahaifa biyu a rabe, kowacce da bakinta da bututunta guda, kuma a mafi yawan lokuta akwai wani shamaki na nama da ya raba farji gida biyu a tsaye. Akwai wasu siffofi masu kama da wannan waɗanda akan cakuɗa su da shi, alhali hukuncinsu daban ne. In an misalta mahaifa da ɗaki, to, didelfis ɗaki biyu ne kowanne da ƙofarsa. Mai ƙaho biyu ɗaki biyu ne da suka haɗu a ƙofa ɗaya. Mai shamaki kuwa ɗaki ɗaya ne da aka gitta zana a tsakiyarsa, daga waje ba a ganin komai. Wannan ta ƙarshe ta fi yawa, kuma ita aka fi dangantawa da yawan ɓari, saboda haka ba ƙaramin kuskure ba ne a ba wa mai wannan shawarar mai waccan.

Asalin halittar

Kowace mace a duniya da mahaifa biyu ta fara, in an yi wa maganar sassauci. A wajen mako na 6 da shigar ciki, wasu siraran bututu biyu sukan bayyana a jikin ɗan tayi, ɗaya a dama ɗaya a hagu, waɗanda ake kira da sunan Johannes Müller, masanin nan Bajamushe da ya yi bayaninsu a shekarar 1830. Idan tayin mace ce, sai ƙasan bututun biyu su matso su manne da juna kafin ƙarshen wata na uku, sa'an nan bangon da ke tsakaninsu ya narke a hankali zuwa wajen mako na 20, ya bar ɗaki guda. Samansu kuwa ya zauna a rabe, shi ne bututun ƙwai biyu. Idan mannewar ba ta auku ba sam, kowane bututu sai ya gina tasa mahaifar shi kaɗai. Duk mahaucin da ya taɓa feɗe akuya ya ga mahaifa mai ƙaho biyu, domin haka halittarta take. Zomanya kuwa mahaifa biyu gare ta cif, kowacce da bakinta, ga shi kuwa ba a taɓa zarginta da ƙarancin haihuwa ba.

Abin lura a nan shi ne lokacin aukuwar al'amarin. An gama shi tun matar tana cikin mahaifiyarta, tun kafin a san mace ce ko namiji. Allurar tazarar haihuwa da ta karɓa bara, da wankan jego, da auren wuri, da kishiyar da aka kawo mata, duk sun zo ne bayan shekaru masu yawa da kammala ginin. Haka nan babu laifin mahaifiyarta, kuma ba gado ba ne irin wanda lalle sai ya sauka a kan 'ya'yanta mata. Ma'ajiyar ƙwai ba daga waɗannan bututu take fitowa ba, shi ya sa yarinyar takan balaga a kan kari, ta ga hailarta, jikinta ya cika kamar na tsararrakinta. Amma ƙoda maƙwabciyar mahaifa ce a lokacin halitta, har takan yi tarayya da ita a tangarɗa. Ba abin mamaki ba ne a tarar da mai mahaifa biyu tana da ƙoda ɗaya tak.

Yawansa da alamominsa

A shekarar 2011 wasu masana na Jami'ar Nottingham a Ingila suka tattara bincike 94 da aka yi a kan mata kusan 90,000, suka tarar kimanin mata 5 zuwa 6 cikin 100 suna da wani saɓani a siffar mahaifarsu, ƙarami ko babba, didelfis kuwa kimanin 3 cikin 1,000. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Gamawa mutum sama da 280,000. In aka yi ƙiyasi da wancan lissafi, mata ɗaruruwa ne a ƙasar Gamawa kaɗai suke ɗauke da wannan halitta, kuma da yawansu sun haihu, sun aurar, sun ga jikoki, ba su taɓa sani ba. Na'ura ce sabuwa, halittar tsohuwa ce.

Galibi babu wata alama. Wasu sukan sha ciwon mara mai tsanani a lokacin haila, wasu kuma su ji zafi a wajen saduwa saboda shamakin farjin nan. Amma akwai wata siffa da ya kamata iyaye da malaman makarantun 'yan mata su san da ita, wadda likitoci Herlyn da Werner suka bayyana a 1971, Wunderlich ya ƙara bayani a 1976. A cikinta ɓangare ɗaya na farji a toshe yake, ƙodar wannan ɓangaren kuma babu ita. Yarinya takan ga jininta kowane wata daga mahaifar da ke buɗe, saboda haka ba mai zaton toshewa, alhali ɗayar tana tara jini wata bayan wata, ciwon yana ƙaruwa, har mara ta kumbura. Budurwa mai kumburin mara kuwa kowa ya san irin kallon da akan yi mata da irin maganar da akan yi a bayanta, kuma shari'a ba ta ɗauki ƙazafi da wasa ba. Maganin abin ƙaramin aiki ne a asibiti, a buɗe shamakin jinin ya fita. Jinkiri ne yake lalata bututun ƙwai ya taɓa haihuwar gaba.

A nan ne kuma ake tsoron askar wanzami. Amaryar da ta kasa jure wa miji, akan ce angurya ce ko gishiri, a kira mai aska ya yanka a ɗaki mai duhu. Mafitsara tana manne da bangon gaba na farji, aska kuwa ba ta da ido, kuma yankan gishiri yana cikin sanannun sabubban yoyon fitsari a Arewa, cutar da saboda ita gwamnatin tarayya take da cibiya ta musamman a Ningi, cikin jiharmu ta Bauchi.

Shin tana samun ciki?

Mafi shahara daga binciken da aka yi a kan wannan tambaya shi ne na likita Pentti Heinonen na ƙasar Finlan, wanda ya bibiyi mata 49 masu mahaifa biyu tsawon shekaru, ya buga sakamakon a shekarar 2000. Daga cikin 36 da suka nemi haihuwa, 34 sun sami ciki aƙalla sau ɗaya, watau kashi 94 cikin 100. Jimillar cikin da suka ɗauka 71 ne. Kashi 21 cikin 100 sun zube, kashi 24 an haife su bakwaini, kashi 84 na haihuwar ta hanyar tiyata aka yi, kuma uku cikin kowane huɗu na cikin sun ƙare da ɗa rayayye. Wani abin sha'awa, kashi 76 na cikin a mahaifar dama suka zauna. Adadin matan kaɗan ne, ƙasarsu kuma mai wadatar asibitoci ce, don haka ba a ɗora lissafin a kan Gamawa kai tsaye. Amma ya isa hujja a kan cewa kiran irin wannan mata juya zalunci ne da jahilci a haɗe.

Akwai dai wani ɗan cikas da ake iya fahimta da hankali. Ƙwai yakan fito daga ɓangare ɗaya a kowane wata, kuma a nan kowane ɓangare da tasa ƙofar. Idan shamakin farji ya sa maniyyi yana isa ƙofa ɗaya kawai, to, watan da ƙwan ya fito ta ɗaya ɓangaren yana iya wucewa a banza, ciki ya ɗan yi jinkiri. Idan shekara ta cika ba labari, abin da ya dace shi ne a binciki miji da mata tare, domin samun mahaifa biyu a hoto bai wanke mai gida ba, kuma bai hana a ce ainihin sababin toshewar bututu ne daga ciwon sanyi, wanda ya fi wannan yawa nesa ba kusa ba.

Goyon ciki da saɓanin likitoci

Kowace ɗaya daga mahaifun biyu rabin gini ce, doguwa mai ƙunci. Tana miƙewa ta ɗauki ɗa, amma takan gaji da wuri, shi ne sababin haihuwar bakwaini, watau kafin cikar mako 37, da kuma ƙarancin nauyin jariri a wasu lokuta. Sa'an nan ɗa yana bukatar fili kafin ya juya kansa ƙasa a watannin ƙarshe; idan ɗakin ya matse shi, sai ya zauna yadda yake, ya zo da gindi ko da ƙafa. Mahaifar da ba ta da ciki ita ma takan ƙara girma saboda sinadaran ciki suna ratsa ta, har wani lokaci ta faɗo cikin ƙugu ta tare wa ɗa hanya. Matar da wannan ya same ta a ƙauye, za ta kwana ta wuni a durƙushe, a ba ta rubutu da jiƙo, alhali abin da ya tare hanyar ba ya gushewa da nishi.

Likitoci sun yi saɓani a wurare uku, ko da yake ba duka suke da nauyi ɗaya ba. Na farko shi ne haɗe mahaifun biyu su zama ɗaya, aikin da likita Paul Strassmann na Jamus ya fito da shi a 1907. A da an yi ta yinsa, amma ra'ayin da ya rinjaya a yau shi ne a bar didelfis yadda take, domin ba a tabbatar aikin yana ƙara yawan 'ya'ya rayayyu ba, ga shi yana barin tabon da ake tsoron ya tsage a lokacin naƙuda. Na biyu ɗaurin bakin mahaifa ne, wanda wasu suke gaggawar yi. Mafi yawa sun tafi a kan cewa ba a ɗaure sai an ga alamar bakin yana saki, ko tarihin ɓarin tsakiyar ciki ya nuna haka.

Na uku shi ne mas'alar da ta fi damun jama'a: shin lalle sai an yi mata aiki? Amsar ita ce mahaifa biyu ita kaɗai ba ta wajabta tiyata. Idan ɗa ya zo da kai, hanya a buɗe, naƙuda tana tafiya, mata da yawa sun haihu da kansu. Wasu masana ma suna ganin alƙaluma irin 84 ɗin nan sun haɗa da tsoron likitoci, ba larura kaɗai ba. Wannan suka tana da ƙarfi a ƙasashen da ɗakin tiyata yake bayan ƙofar ɗakin haihuwa. A wajenmu, a ganina, haɗarin ta ɗaya fuskar yake zuwa: matan da suke mutuwa ko su rasa 'ya'ya don ba a yi musu aiki a kan lokaci ba sun fi waɗanda aka yi wa ba bisa larura ba, kuma ƙyamar da ake nuna wa wadda aka yi wa aiki, kamar ta gaza a wani gwajin mata, ba ta da tushe a addini ko a hankali.

Ciki biyu, da abin da fikihu ya tanada

Zancen tagwaye yana da ɗan ƙamshin gaskiya, sai dai abu ne nadiri ƙwarai, har in ya auku jaridun duniya sukan ɗauka. A Disamban 2023, a asibitin Jami'ar Alabama da ke Birmingham ta Amurka, wata mata ta haifi 'ya'ya mata biyu, kowacce daga mahaifa daban, ɗaya ranar 19 ga wata da kanta, ɗaya ranar 20 ta hanyar tiyata. Wanda ya fi kusa da halinmu shi ne na Bangaladash a 2019: wata matashiya da ba a yi mata hoton ciki ba ta haifi ɗa namiji ta koma gida, bayan kwana 26 ciwo ya sake tayar mata, aka duba aka tarar da wasu tagwaye a mahaifa ta biyu, aka fito da su lafiya.

Fukaha'unmu na mazhabar Malikiyya ba su san sikanin ba, amma ƙa'idojinsu sun ɗauki irin wannan. A wurinsu 'ya'ya biyun da tazarar haihuwarsu ba ta kai wata shida ba ciki ɗaya ne, tagwaye ne, kuma iddar mai ciki ba ta cika sai ta sauke abin da ke cikinta gaba ɗaya, watau sai na ƙarshe ya fito. Sun kuma tafi a kan cewa mai ciki tana iya ganin haila. Likitoci ba sa kiran wannan jini haila, amma sun san mahaifar da ba ta da ciki takan yi ɗigon jini, wani lokaci ma ta zubar da shimfiɗarta dunƙule guda, har a zaci ɓari ne alhali ɗa yana nan daram a ɗaya ɗakin. Hukuncin salla da azumi a tambayi malami. Jinin kansa kuwa a kai shi gaban likita a ranar. Game da aure, rashin haihuwa ba ya cikin aibobin da jumhurin malamai suka ce suna ba da zaɓin warware aure, balle mahaifa biyu da ba ta hana haihuwar ba; toshewar da ke hana saduwa ce aka ambata, ita ma an ce a jinkirta wa matar ta nemi magani. Ayoyi na 49 da 50 na Suratus Shura sun mayar da kyautar 'ya'ya da hana su ga mashi'ar Allah, kuma neman magani bai taɓa cin karo da tawakkali ba.

Abin da ya dace a ƙasar Gamawa

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa mata 512 suke rasuwa a Nijeriya a kan kowace haihuwa 100,000. A cikin irin wannan hali, babbar garkuwar mai mahaifa biyu ita ce a san da ita tun da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2016 cewa kowace mai ciki ta je awo sau 8, a kuma yi mata hoto sau ɗaya kafin mako 24. Hoton farkon ciki ya fi amfani a nan, domin in ciki ya tsufa yakan ɓoye ɗaya mahaifar. Hoton ƙaramin asibiti kuwa zato yake bayarwa. Tabbatar da wace siffa ce sai a babban asibitin tarayya na Azare, ko asibitocin koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi da Malam Aminu Kano a Kano, inda likitan mata zai duba bakin mahaifa da idonsa, a kuma haska ƙoda. Takardar da aka rubuta a adana ta kamar takardar gona, a nuna ta ga duk ma'aikacin lafiyar da zai taɓa matar.

Akwai al'adu biyu da suke bukatar gyara a kan irin wannan mata. Al'adar goyon ciki takan mayar da mai cikin fari gidan iyayenta in wata bakwai ya cika, wanda sau da yawa ya fi gidan mijinta nisa da asibiti, a daidai lokacin da naƙudar bakwaini take iya tasowa. In akwai gwaggo ko inna a Azare ko cikin garin Gamawa, can ya fi dacewa ta zauna, musamman da damina sa'ad da hanyoyin ƙauye suke yankewa. Ta biyu ita ce kunyar ɗan fari, wadda take sa yarinya ta danne ciwo ta yi shiru har sai abu ya ɓaci. Mai gida kuma ya ware kuɗin mota da na aiki tun lokacin da ya sayar da riɗi ko wake, ya san 'yan'uwa biyu ko uku da za su ba da jini, ya kuma bar izini a gida cewa ko ba ya nan a fita da ita.

Bayan haihuwa ma sanin yana da amfani. Robar tazarar haihuwa da ake sakawa a mahaifa ɗaki ɗaya take tsarewa, ɗayan yana nan a buɗe, saboda haka akan zaɓa mata allura ko ashanar hannu ko ƙwaya. Idan ɓari ya auku za a yi wankin ciki, sai an tabbatar da hoto wace mahaifa ce, don kada a wanke wadda babu komai a bar mai jinin. Haka nan ranar gwajin sankarar bakin mahaifa, baki biyu za a duba, a ɗauki samfuri daga kowanne, a rubuta a jikin kwalba wannan na dama ne, wannan na hagu.